Kunkuru a Ƙarƙashin Teburin Mai Hoto

Maigidana mai hoto ne, kuma da wannan sunan duk layinmu suka san shi, yara da manya. Ni kuwa Tela yake ce mini, saboda ɗinki nake yi. Shagonsa ciki da falo ne a bakin titi, maƙwabcinsa na dama mai gyaran agogo, na hagu kantin magani. Da yaranmu suka tasa sai na ɗauko kekena daga gida na kafa shi a ɗakin ciki. Teburinsa na kallon bango, nawa na kallon taga. Shekara da shekaru haka muke wuni, yana jin ƙarar kekena, ina jin fitonsa idan aiki ya yi masa daɗi.

Ba ɗaukar hoto ce ta fito da shi ba, wannan kowa na yi. Gyara shi ne nasa. A kawo masa hoton da ruwa ya jiƙa, ko wanda gara ta ci gefensa, ko wanda aka yaga cikin fushi daga baya aka yi nadama, ya zauna ya mayar da shi kamar jiya aka ɗauka. Tun zamanin fim yake wannan aiki, da fensir mai tsini kamar allura da wani ɗan burushi da bai fi gashin ido kauri ba. Na sha tsayawa a bayansa ina kallo, in riƙe numfashina don kada in dame shi. A ganina hannun ba ya ko motsi, amma idan ya ɗaga sai ka ga ido ya dawo inda ɗazu babu ido.

Da kwamfuta ta shigo, abokan sana'arsa da yawa suka naɗe tabarmarsu. Shi kuwa ya sayo tsohuwa, ya zauna gaban 'yarmu ta fari kamar ɗan makaranta, ga furfura a gemu, tana koya masa. Ita ce muke kira Injiniya, don tun tana ƙarama ba ta barin rediyo ya kwana da cikinsa a rufe, yanzu ma gyaran kwamfuta da waya take yi a tsakiyar gari. Linzamin kwamfutar, wannan da ake ja a kan tebur kibiya ta riƙa yawo a allo, ɓera ya sa masa suna saboda jelar wayarsa. Ba a daɗe ba ɓeran nan ya zame masa burushi, aikinsa ma ya fi na da kyau.

Abin ya fara ne da kofin shayi. Wata safiya na ji cokali na ƙara a cikin kofinsa, ƙyal-ƙyal-ƙyal, alhali ba juyawa yake yi ba. Na dube shi, ya dube ni, ya ajiye kofin ya ce ya yi zafi. Na gane abin da ke faruwa, don na san mahaifinsa. Ni na riƙa ba tsohon ruwa a baki a ƙarshen rayuwarsa, saboda kafin kofi ya kai leɓensa rabi ya zube a riga.

Likita ya ce ciwon ba ya kisa, ba ya kuma warkewa, ya ba da ƙwayoyin da ke rage shi. Muguntar ciwon ita ce, idan hannun na kwance a cinya lafiya lau yake kamar na kowa. Da zarar an miƙa shi ga aiki sai ya kama rawa ba kiɗa, kuma gwargwadon ƙanƙantar aikin, gwargwadon zafin rawar. Maigidana zai je gyara girar wata mata, sai layi ya tashi daga girar ya faɗa kunne. Ya goge ya sake, ya goge ya sake. Ya kama wuyan hannun dama da na hagu don ya danne shi, sai su biyun su haɗa kai su yi ta yi. Mai agogo ya ara masa wata dalma mai nauyi, na ɗinka mata gida ya ɗaura a hannu. Ta ɗan taimaka, amma kafin azahar kafaɗarsa ta gaji.

Daga nan ya fara sallamar mutane. Duk wanda ya kawo tsohon hoto sai ya ce masa injin na da matsala, a dawo wani lokaci. Ya koma zaman benci a ƙofar mai agogo, hannayensa cuse a hammata, yana kallon motoci. Fito ya ɗauke daga shagonmu. Sau ɗaya kawai ya yi mini maganar, muna rufe ƙofa da yamma.

"Tela, idona fa yana ganin abin da ya kamata a yi. Duk ina gani, har inda ɗigo ɗaya zai zauna. Kamar mutum ne a bakin rijiya, ga ƙishirwa, ba guga."

Na karɓi makullin daga hannunsa na sa a kwaɗo, don shi ma ya fara gagararsa.

Ana nan sai Injiniya ta zo wata ranar hutu da kwali a jakarta. Ta share teburin, ta zare ɓeran ta ajiye gefe, ta fito da wani abu baƙi mai faɗi kamar ƙaramin faranti. A tsakiyarsa akwai jan ƙwallo mai sheƙi, girmansa kamar ƙaramin lemo, manyan madannai kewaye da shi.

"Baba, zo ka gwada wannan."

Ya shigo ba da son ransa ba, ya juya abin ya duba ƙarƙashinsa. "Ina jelarsa?"

"Ba shi da jela. Batir ne a cikinsa. Wannan ɗan mitsitsin zan soka a jikin kwamfuta, su riƙa magana ta iska. Tirakbol ake ce masa. Shi ba a jansa, yana nan zaune wuri ɗaya, ƙwallon kawai za ka murza kibiya ta tafi."

"To ai wannan ba ɓera ba ne," in ji shi. "Kunkuru ne ya goyo ƙwai."

Sunan da ya bi abin ke nan har yau. Kuma kunkurun ya yi rana. Tun da ba a jansa, sai maigidana ya kwantar da hannunsa gaba ɗaya a kan tebur, wuyan hannun a kan wani ɗan matashi da na ɗinka masa, yatsu kawai ke aiki. Wani abin da ya fi burge shi, idan ya kai kibiya inda yake so sai ya ɗauke yatsa daga ƙwallon, ta tsaya cak, sannan ya danna a natse. Da ɓera kuwa, dannawar ma kanta tana ture kibiyar. Ya koma karɓar ƙananan ayyuka, share tabo, gyara bango, ɗinke yagewa idan ba ta bi ta kan fuska ba. Fuska dai bai yarda ya taɓa ba. Muka ce da babu gara ba daɗi.

Sai dai ciwon bai tsaya jiranmu ba. Sannu a hankali rawar ta sauko har kan yatsu, ga ƙwallon kuma da jin magana, ko hura shi ka yi sai kibiya ta motsa. Wata rana da la'asar, ina tsakiyar ɗinka wuyan wata riga, na ji ya ja dogon tsaki ya ture abin da bayan hannu. Ba jifa ya yi ba, amma kunkurun ya zame ya faɗo ƙasa. Ƙwallon ya fice daga gurbinsa ya gangaro ƙarƙashin kekena. Hannayena duka biyu na riƙe da yadi, don haka na tare shi da ƙafa, na tura masa da babban yatsa, ya tafi sumul ya tsaya a jikin takalminsa. Na ci gaba da ɗinkina.

Can na ji shiru ya yi yawa. Na waiga, na gan shi ya juyo da kujerarsa, idonsa na ƙasa, kan ƙafafuna da ke taka feda.

"Ci gaba," ya ce. "Kada ki tsaya."

Na ci gaba. Na zo kwanar wuyan rigar na rage gudu, allura na sauka ɗaya bayan ɗaya, na tsayar da ita a daidai kusurwa, na juya yadin.

"Tela, da ƙafa kike tsayar da allurar nan a inda kike so?"

"To da me zan tsayar da ita, da hanci?"

Bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya mayar da ƙwallon gurbinsa da ƙyar, amma bai ɗauko kunkurun ba, ya bar shi nan ƙasa. Tun da ba shi da waya, babu abin da ya dame shi da tebur ko ƙasa. Ya zare takalminsa na dama, ya ɗaga ƙafar ya dube ta kamar baƙuwa. Ya miƙe ta a iska, ya ware yatsun. Ba ta rawa, ko kaɗan. Ya ɗora babban yatsan a kan jan ƙwallon ya murza. Kibiya ta tashi daga wannan kusurwar allo ta faɗa waccan, amma a miƙe ta tafi, kamar an ja ta da zare.

Kada in yi ƙarya in ce daga ranar komai ya daidaita. Watannin da suka biyo baya, da wani ya leƙo da ya ce tsufa ya taɓa mu. Dattijo na zaune babu takalmi, ya ciji leɓe, gumi na zuba, yana ƙoƙarin zana da'ira a farin allo, abin na fitowa kamar dankalin da aka taka. Jijiyar ƙafarsa kan ɗaure, ya miƙe yana ɗingishi, in jiƙa tsumma da ruwan zafi in gasa masa. Kunkurun kuma ya riƙa gudu a kan siminti, har sai da ƙanena kafinta ya zo ya auna, ya yi masa wani katako mai ɗan gangara da gurbi a tsakiya, da wurin ajiye diddige. Injiniya ta rage wa kibiyar gudu, yadda sai an murza da yawa za ta matsa kaɗan. Aikin ya rabu biyu, ƙafar dama na murza ƙwallo, babban yatsan hagu na danna madanni.

Ni ce na zama malamarsa, abin da ban taɓa mafarki ba. Nakan ce masa, "Kana tuƙawa daga gwiwa, shi ya sa kake wuce wuri. Kafa diddige, ka bar idon sawu ya yi aikin." Ya ce, "To, Malama." In ce, "Kuma ka daina riƙe numfashi, ƙafa ba ta son tsoro." Da da'ira ta fara zama da'ira, ya ɗauki ƙyallen leshi daga kwandona ya sa a na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, ya riƙa bin zaren ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya koma kan hoton fuskarsa, ya ce idan ɓarna za a yi gara a yi a gida. Ya yi wa kansa gashin baki a karkace, ya ba kansa hanci biyu. Ranar da ya cire wa kansa furfura tas, sili-sili, ba tare da ya taɓa fata ba, ya kira ni in gani.

"Ga mijinki na da."

Na ce, "Bar mini na yanzu, wancan ba shi da haƙuri."

Amma kunya ta hana shi bari a sani. Ya sa na ɗinka wa teburin doguwar riga har ƙasa, ƙafafunsa da kunkurun na ɓoye a ciki. Mai agogo ne ya fara kama shi. Ya shigo aron almakashi, ya tarar da abokinsa ya harɗe hannaye a ƙirji, ya jingina da kujera, kibiya kuwa na ta share tabo a rigar wani jariri ita kaɗai. Ya ja da baya har ya taka mini yadi.

"Mai Hoto, tun yaushe ka fara aiki da mutanen ɓoye?"

Maigidana ya ce, "Su biyu ne, kuma ba sa cin abinci, sabulu kawai suke so."

Da gaske ne kuwa batun sabulun. Kullum da safe kafin ya zauna sai ya wanke ƙafafun ya tsane su sarai, kamar likita zai shiga tiyata. Ya ciro ƙwallon ya goge shi, ya sa ni in share ƙurar da ke gurbin da tsinken auduga.

Aikin da ba zan manta ba, wani tsoho ne ya kawo shi. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, direban babbar mota ne da ya ajiye aiki. Ya zaro walat daga aljihun baya, ya fito da wani hoto a naɗe cikin leda, bai fi kwalin ashana girma ba. Gumi da zama a kansa na shekaru sun cinye shi. Goshi na nan, da ido ɗaya, da ɗankwali, da kunne mai ɗan kunne. Daga hanci zuwa haɓa kuwa fari fat, kamar ba a taɓa buga komai a wurin ba.

"Matata ce," in ji tsohon. "Ta daɗe da rasuwa. Shi ke nan hotonta, ba ta son hoto. An ce mini kana mayar da fuska."

Maigidana ya daɗe yana duba shi da gilashin ƙara girma. "Baba, abin da ya bar alama nake mayarwa. Nan ƙasa babu komai. Idan na zana baki, bakin wata zan zana."

"Abin da ya kawo ni ke nan," tsohon ya ce. "Da, idan na rufe ido ina ganinta. Yanzu idan na rufe, wannan farin nake gani."

Na tabbata zai ce a kai wani wuri, don tun da ya koma aiki da kunkuru bai taɓa fuskar wani ba sai tasa. Sai na ji ya ce, "Ta bar 'ya'ya mata?"

"Biyu. Mutane na cewa babbar ta ɗauko haɓarta, ƙaramar ta ɗauko bakinta."

"Kawo mini su."

Suka zo, manyan mata, kowace da gidanta. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa cewa a juya kaɗan, a sunkuyar da kai kaɗan, har suka zauna yadda uwarsu ta zauna a hoton. Ni na danna masa kyamarar. Bai yanko bakin ƙaramar ya manna ba, kamar yadda na zata. Gefe ya ajiye hotunansu yana kallo, kamar yadda nake ajiye tsohuwar riga idan zan yanka sabuwa.

Kwanakin da ya yi a kan hoton nan, ɗinkina bai ci gaba ba. Na ɗage rigar teburin ta gefena, na ja kujera na zauna ina kallon abin da ban taɓa gani ba. Ya ƙara wa hoton girma har fatar matar ta zama kamar yashi a allo. Ya ɗebo launi daga goshinta, ya kai inda babu komai, ya ɗiga. Ya koma ya ɗebo, ya ɗiga. Idan na dubi ƙafar, sai in rantse ba ta motsi. Sai na ƙura wa jan ƙwallon ido sosai sannan in ga sheƙinsa ya ɗan gusa, kamar ƙiftawar ido. Wannan yatsan da na sani shekara da shekaru, mai kaushi, wanda ya sha tuntuɓe da ƙafar gado, wanda ban taɓa ɗauka ya iya komai ba sai huda safa, shi ne ke fitar da inuwar da ke ƙarƙashin leɓen mace. A sama hannayen na kwance a cinya kamar baƙi. A ƙasa kuwa, duk abin da hannun nan ya sani tun yana saurayi ya sauka can, ban san ta wace hanya ba. Sannu a hankali hanci ya fito daga cikin farin, sai kumatu, sai haɓa, kamar mutum na tasowa daga cikin ruwa.

Ranar da tsohon ya dawo da 'ya'yansa, aka ba shi kujera a gaban allo. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Matan suna ta cewa ita ce, wallahi ita ce. Shi kuwa ya girgiza kai a hankali.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Amma ban san ta ba."

Babbar ta ji kunya. "Haba Baba, dubi wahalar da bawan Allah ya sha."

"Ƙyale shi," in ji maigidana. "Shi ya san ta, mu ba mu san ta ba. Baba, matso kusa da ni. Me ya ɓace?"

Tsohon ya ce bai sani ba. Komai na nan, amma ba ita ba ce.

"To bari in tambaye ka. Idan ka dawo daga doguwar tafiya, ta ji tsayuwar motarka ta fito, yaya take yi da bakinta?"

Tsohon ya rufe ido. Can ya ɗan murmusa. "Ba ta sakin dariya. Danne ta take yi. Gefe ɗaya ne ke tashi, na nan," ya taɓa gefen bakinsa na hagu, "kamar ta fito za ta yi mini faɗa, sai ta fasa."

Maigidana ya gyara zama. Rigar teburin ta harɗe masa ƙafa, ya sa gwiwa ya yaye ta gefe, bai ko kula da cewa akwai mutane ba. Kibiya ta tafi gefen bakin matar. Ya ɗaga shi kamar kaurin zare. Ya sa wata 'yar inuwa a ƙasan kumatu.

"Ƙara kaɗan," in ji tsohon.

Ya ƙara.

"Ya yi yawa. Mayar."

Ya mayar da rabin abin da ya ƙara. Ni ban ga bambanci ba, sai da na dubi fuskar gaba ɗaya na ga matar ta canza. Ɗazu hoto ce, yanzu kuwa wata ce da ke da magana a bakinta.

Tsohon ya miƙe zaune sosai, ya sa hannu ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa gemunsa, kamar wanda aka shigo wa ba shiri. Sannan ya ce da allon, murya ƙasa-ƙasa, "Kin ga yadda na tsufa."

Ƙaramar ta fita waje da sauri, mayafi a fuska. Babbar ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar ubanta. Na dubi maigidana. Hannayensa na ta kaɗawa a cinya, abin da ba sa yi idan suna kwance, amma yatsan nan na nan a kan ƙwallo, ko gezau.

Da hankali ya dawo, idon tsohon ya sauka ƙasa. Ya ga katakon, ya ga jan ƙwallon, ya ga ƙafafu biyu ba takalmi.

"Da ƙafa ka yi wannan?"

"Da ƙafa, Baba. Hannun ya yi ritaya."

Tsohon ya dubi nasa ƙafafun cikin tsofaffin takalma. "Ni ma da su na ciyar da gidana, birki da totur, tun ina saurayi. Ban taɓa ce musu sannu ba."

Daga ranar aka cire wa teburin riga, na yanka ta na yi labule. Labari ya bazu, har waɗanda ba su da hoton gyara sukan leƙo su tsaya a bakin ƙofa suna kallo. Ba ya korarsu, sai dai ya ce kada a tare masa iska.

Yanzu ciwon ya ƙara nisa. Ni nake ɓalla masa maɓallin riga, ni nake yi masa aski, ruwa kuma da tsinken roba yake sha. Muryarsa ma ta fara ɗan karkarwa idan ya gaji. Ƙafafun dai Allah ya bar masa su. Ranar yanke farce, zama yake yi ya tsare ni da ido kamar zan yanka yadin amarya, yana cewa kada in zurfafa, kada in bar tsini.

Kwanakin baya wata mata ta shigo da mijinta. Ma'aikacin lantarki ne, wuta ta kama shi a kan aiki, aka yanke masa hannu biyu daga gwiwar hannu. Babbar 'yar direban nan ce maƙwabciyarsu, ita ta kwatanta musu shagon. Mutumin ya zauna inda aka zaunar da shi, hannayen rigarsa a naɗe an kama da fil, idonsa a kan siminti. Matar ta raɗa mini cewa tun da aka sallamo su daga asibiti, daga i sai a'a, ba ya ƙara komai.

Na zata maigidana zai fara da ba shi haƙuri, kamar yadda kowa ke yi. Bai yi ba. Ya ci gaba da aikinsa, yana mayar wa wani soja kunnen da gara ta ci, har sai da ya ga mutumin ya ɗago yana bin ƙafar da kallo, yana duban allo, yana komawa ƙafar. Sannan ya buɗe farin shafi, ya tura katakon gabansa.

"Ɗan'uwa, a cire maka takalmi."

Matar ta durƙusa ta zare masa. Mutumin ya daɗe kafin ya ɗora yatsa a kan ƙwallon. Kibiya ta yi tsalle ta ɓace a kusurwa. Ya nemo ta, ta sake gudu. Ya sake nemo ta. Maigidana ya miƙa tasa ƙafar ya danne masa madanni, sai ga baƙin layi na bin kibiyar duk inda ta yi, a karkace, yana hawa yana sauka. Matar ta sunkuyo ta kafaɗarsa don ta gani da kyau.

"Matsa mana," mutumin ya ce da ita, cikin 'yar ƙosawa. "Kin tare mini haske."

Ta matsa. Ta zo ta tsaya kusa da kekena, ta toshe bakinta da hannu, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Na jawo mata kujera. Ba su tafi ba sai da muka tashi rufe shago, kuma washegari da muka iso mun tarar da su a benci suna jiranmu.